Baba Likita da Zuciyar Ƙanena

Ranar Laraba bayan sallar la'asar muka kai Baba Likita makwancinsa. Daga maƙabarta muka wuce gidansa a unguwar Murabba, inda aka shimfiɗa darduma tun daga falo har bakin matakala, duk da haka wurin bai ɗauke mu ba. Direbobi da leburori daga unguwar Gubaira sun zo da kayan aikinsu a jiki. Mutanen ofishin jakadanci sun zo da manyan riguna. Likitoci Larabawa da Indiyawa suka jeru gefe guda, ana zuba musu gahawa, suna karɓa suna riƙewa har ta huce. Babban ɗan Baba, wanda a nan Riyad aka haife shi, yana tsaye a ƙofa yana amsa gaisuwa. In an yi masa da Larabci sai ya amsa sumul, in an yi da Hausa sai harshensa ya ɗan sarƙe, ya ce, "Na gode, Allah ya ba da lada," ya sunkuyar da kai.

Wani tsohon kafinta da ke kusa da ni ya ce shi Baba ne ya raba shi da taba. Duk inda suka haɗu sai ya laluba aljihunsa ya zare kwalin, ko a gaban wa. "Tun ina jin haushi har na fara jin kunya," in ji shi, ya share ido da gefen hula. Wani matashin likita Balarabe ya ce a makaranta an koya masa yanka da ɗinki, amma a wurin Baba ya koyi tsoron abin da hannunsa zai taɓa. Daga cikin gida aka aiko cewa Mama, matar Baba, ta roƙi duk wanda ya taɓa saɓawa da shi ya yafe masa, domin ta san mijinta ba ya tauna magana.

Ni ban ce komai ba a wurin, ko da yake da ni aka yi saɓanin da ya fi kowane zafi. Na ga gara in rubuta shi a tsanake, don kada ya bi mu ƙasa.

Ba mu haɗa jini da Baba ba. Duk Bahaushen da ke garin nan haka yake kiransa. Ni direba ne, ina jigilar kayan gwari a kasuwar Aziziya, kuma a can na fara saninsa. Kowace Asabar da hantsi zai zo da tsohuwar motarsa ya yi wa Mama cefane. Masu tumatir suna ganinsa sai su fara murmushi, don sun san za a daɗe. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗauka, ya juya, ya latsa, ya ajiye. In mai kaya ya gaji ya ce, "Yalla ya dakta, yi sauri, duk masu kyau ne," sai Baba ya ce, "Ban gani ba tukuna." Wannan kalma ita ce bakinsa. Ko labari ka kawo masa cewa wane ya samu aiki ko wane zai yi aure, sai ya ce bai gani ba tukuna.

In ka ba shi hannu ba ya saki da wuri. Yatsunsa biyu za su zame zuwa wuyan hannunka, yana tambayarka mutanen gida yana ƙirga bugun jininka. Sai kun gama gaisuwa ya ce, "Ka rage gishiri," ko "Jiya ba ka yi barci ba." Kuma da wuya ka samu ya yi kuskure.

Mun san likitan tiyatar zuciya ne a wani babban asibiti, amma ba mu san ainihin abin da yake yi ba. Wata rana ina sa masa kaya a mota na tambaye shi. Ya ce akwai mutanen da zuciyarsu ta gaji har ba magani, sai dai a cire a dasa musu ta wani da ya rasu. Shi ne ake aikawa ya duba zuciyar mamacin, ya ce za ta yi ko ba za ta yi ba. Na ce ashe aikin mai sauƙi ne, kalma ɗaya ce. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Allah ya sa kada ka taɓa sanin nauyinta, ɗana."

Bayan shekara biyu na sani.

Ƙanena, wanda yake bi na, ni na nemo masa biza ya zo yana aikin gini. Shekararsa ashirin da shida. Ɗaki ɗaya muke kwana a Gubaira, shi ke dafa mana abinci don ya fi ni hannu. Wata Asabar da safe ƙafarsa ta zame daga hawa na uku, kansa ya bugu. Aka kai shi wani ƙaramin asibiti a kudancin gari, aka kwantar da shi a ɗakin da suke kira inaya, na waɗanda jikinsu ya yi tsanani. Kwana biyu likitoci suna yi mini bayani da Larabcin da ya fi ƙarfin na kasuwa. Na kira Baba.

Ya zo kafin azahar, ya karanta takardun a tsaye, ya shiga ya duba yaron, sannan ya ja ni zuwa wani benci.

"Zan gaya maka da Hausa, kuma ba zan rage komai ba," ya ce. "Ƙwaƙwalwarsa ta mutu. Likitoci biyu sun gwada, sun jira, sun sake gwadawa. Numfashin da kake gani na'ura ce ke yi. Ƙanenka ya riga ya tafi."

Na ce, "Baba, jikinsa da ɗumi. Na taɓa ƙirjinsa, zuciyarsa tana bugawa."

"Tana bugawa. Ita ba ta jiran umarni daga kai, muddin ana ba ta iska. Amma ba za ta daɗe ba."

Ya zauna da ni har na gama kukan da zan yi. Daga nan wani ma'aikaci ya zo da takarda, ya tambaya ko iyali za su yarda a ba da sassan jikinsa ga masu jira. Na juya wurin Baba na ce ya gaya mini abin da zan yi. Ya miƙe tsaye.

"Wannan ba zan sa baki ba. In kun yarda, wataƙila ni za a aiko in duba zuciyar, kuma ina da majinyata da ke jira. Bai kamata mai buƙata ya zama mai ba da shawara ba. Kira mahaifiyarku. Ku tambayi malamin da kuka yarda da shi."

Ya fita can waje, ya bar ni da wayata.

Inna tana Kano. Na gaya mata duka, ta yi salati. Ta ce in ba ta zuwa la'asar. Ta aika aka tambayi limamin unguwarmu, ita ma ta yi alwala ta kai kukanta inda ya dace. Da ta kira muryarta ba ta rawa. Ta ce, "In ɗan wata zai tashi da ita, a ba shi. Allah ya kai wa nawa ladan."

Na sa hannu a takardar.

Washegari da safe Baba ya dawo, wannan karon da farar riga da mutanensa da wata na'ura mai nuna zuciya a allo. Ya fi awa ɗaya a ciki. Da ya fito na tare shi, ina jiran ya ce mini ƙarfe nawa za a gama mu ɗauki gawa.

Ya ce, "Ban gani ba tukuna."

Na ɗauka wasan kasuwa ne. Na dubi fuskarsa na ga babu wasa.

Ya lissafa mini da yatsu. Rukunin jininsu ya dace da na wanda ke jira. Girman jikinsu kusan ɗaya ne, don ba a sa wa ƙato zuciyar ƙaramin mutum. Yaro ne, bai taɓa shan taba ba. Gwajin ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin jini duk ya fito da kyau, har zazzaɓin cizon sauro ya sa an duba, tunda bai daɗe da dawowa daga gida ba.

"Amma ba ta matsa jini yadda nake so," ya ce. "Gefen hagu ya yi sanyi. Kuma suna ɗura masa maganin da ke riƙe jini da yawa, har ban san ita ke aikin ba ko maganin. Abu biyu ne. Ko ta bugu lokacin da ya faɗo, ko kuwa ta firgita ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta mutu. In buguwa ce, babu abin yi. In firgita ce, takan dawo in an ba ta lokaci. Ina roƙon kwana ɗaya."

A nan raina ya ɓaci, na faɗi abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na ce ƙanena buhun siminti biyu yake ɗauka ya hau bene da su, wace irin zuciya ake nema da ta fi wannan? Na ce tsohuwa ta danne zuciyarta ta ba da ɗanta, shi kuma ya zo yana juya shi yana latsawa kamar tumatir a Aziziya. Na ce da ɗan ƙasa ne da bai yi masa wannan wulaƙancin ba. Musulmi ya mutu kwana uku ba a rufe shi ba, shi kuma yana neman ƙari. Muryata ta tashi har masu jinya suka leƙo.

Baba bai katse ni ba. Da na yi shiru ya ce, "Ka gama?" Na ce na gama.

"To saurara. Akwai mutum can kwance, yana da iyali kamar yadda kake da shi. In na cire tasa, ba ta komawa. In na dasa masa wannan ta ƙi tashi, da hannuna na kashe shi, kuma kyautar mahaifiyarka ta tafi a banza. In kuma na ce ba na so, wataƙila ba zai kai lokacin da za a samu wata ba. Duka biyun a wuyana suke, kuma za a tambaye ni. Ba zan ce e don ka ji daɗi ba, ba kuma zan ce a'a don in huta ba. Amma gawa taku ce. In ka ce a cire na'ura yanzu, ba mai hana ka, ni ne zan fara ɗaukar makara."

Na fita na kira Inna ina tsammanin za ta goyi bayana. Ta ce, "Mutumin da ya ƙi karɓa sai ya tabbata, shi ya kamata a ba wa. Ba shi kwanan." Na aika masa da amsar ta bakin wani ma'aikaci, don ba na son ganinsa. Da yamma Mama ta aiko mini da tuwo da miyar kuɓewa a kwano, na mayar ban buɗe ba.

Daga baya na ji cewa yinin nan bai koma asibitinsa ba. Yana tare da likitocin inaya, suna rage maganin kaɗan-kaɗan, suna gyara ruwa da gishirin jiki, suna kallon yadda za ta yi in an sake ta.

Da gari ya waye ya aiko a kira ni. Ya tsayar da ni gaban allon. Ni ban ga komai ba sai wani abu toka-toka yana buɗewa yana rufewa.

"Jiya nan wurin yana jan ƙafa," ya ce, yana nunawa da biro. "Dubi yau. Kuma an janye mata kusan duk maganin. Ita kaɗai ke yi."

Na ce, "Ke nan ka karɓa?"

"Saura in gan ta da idona, in bi jijiyoyinta da yatsa in ji babu tauri, in ga babu tabon bugu. Sai na ce e sannan can za su fara taɓa mutumin." Sai ya yi mini wata tambaya da ban zata ba. Ya ce daga lokacin da aka tsayar da ita zuwa lokacin da za ta sake samun jini, ba ya son a wuce awa huɗu, kuma kowane minti a hanya yana rage mata ƙarfi. "Kai ne direba. In za ka bar nan zuwa arewacin gari da rana, yaushe za ka tashi, kuma ta ina?"

Na gaya masa a fita bayan ƙarfe goma, masu zuwa aiki sun wuce, kafin 'yan makaranta su taso. Na ce a kauce wa wata gada da ake gyara, a bi ta baya. Ya kira direban motar asibiti ya sa na maimaita masa. A lokacin na ɗauka da gaske yana buƙatar shawarata. Yanzu ina zaton so ya yi ya ba ni abin da zan yi wa ƙanena da hannuna.

Ƙarfe goma da rabi suka fito da sauri, wani yana rungume da akwatin ƙanƙara. Baba bai tsaya ba. Yana wucewa ya ɗaga mini kai sau ɗaya ya ce, "Na gani."

Washegari bayan azahar muka yi jana'iza. Ban yi tsammanin zai zo ba, bayan abin da na gaya masa da kuma tsayuwar da ya sha. Sai ga shi a sahun farko, idanunsa jajir. A maƙabarta ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga kabarin tare da ni, mutumin da ya haura sittin. Shi ya karɓi kan. Da muka fito na kama hannunsa zan ba shi haƙuri, ya ce, "Bari. Da ba ka yi faɗa a kan ƙanenka ba, da na raina ka." Sannan ya ce in kira masa Inna.

Na ji abin da ya gaya mata. "Hajiya, ni ne likitan. Na riƙe zuciyar ɗanki a hannuna. Lafiyayya ce, ban ga aibi ko ɗaya ba. Ta tashi da kanta, ba mu roƙe ta ba." Ban ji amsar Inna ba, na dai ga Baba yana cewa amin, amin, yana goge tabarau da bakin riga.

Sau da yawa na nemi ya gaya mini wanda aka dasa wa. Ya ce ba a faɗa, kuma ba zai faɗa ba ko da ana faɗa. Na ce ko garinsu kawai. Ya ce in sha shayina. Amma kowace shekara, in watan ya zagayo kuma mutumin ya zo an duba shi, sai Baba ya kira ni ya ce in haɗa shi da Inna. Gaisuwarsu takan yi tsawo, ya tambayi ƙafarta, ta tambayi Mama da yara. A ƙarshe ya ce, "Hajiya, na duba. Tana aiki." Sau ɗaya tak ya ƙara wani abu. Ya ce mai ita ya hau bene hawa uku bai tsaya hutawa ba. Inna ta yi mako tana ba maƙwabta wannan labari.

Haka muka yi shekara bakwai. Ya ajiye wuƙa lokacin da hannunsa ya fara rawa, ba wanda ya ce ya ajiye, amma asibitin suka riƙe shi yana koyar da matasa yana duba tsofaffin majinyatansa. Ni kuma na zama ɗan gida. Mama ba ta taɓa tayar da maganar kwanon nan ba, sai dai duk ranar da na je takan cika mini shi fiye da na kowa.

Ciwon da ya tafi da shi bai kai wata biyu ba. Zuwana na ƙarshe na same shi a kishingiɗe a falo da hantsi, ya rame ƙwarai. Na ba shi hannu, yatsun nan biyu suka zame wuyan hannuna kamar kullum. Ya ce ina shan shayi da yawa. Muka yi hirar kasuwa da tsadar albasa. Da zan tafi ya ce, "Kafin in kwanta na duba zuciyar. Ban samu na kira Hajiya ba, muryata ba ta fita sosai. Ka gaya mata tana aiki." Na ce in ya warke ya gaya mata da bakinsa. Ya yi murmushi.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya ba Mama da 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Yadda ya tsaya a kan amanar bayin Allah, na raye da na mace, Allah ya tsaya masa.

Sai bayan kwana uku na iya kiran Inna. Na fara ba ta saƙonsa, ta ce alhamdulillahi. Sannan na gaya mata ya rasu. Ta yi salati, ta yi masa addu'a mai tsawo, irin wadda take yi wa mahaifinmu. Ba su taɓa ganin juna ba ko a hoto.

Sannan ta ce, "To yanzu wa zai riƙa gaya mana?"

Na ce, "Babu kowa, Inna."

Ta ce, "Shi ke nan. Ya duba da kyau tun farko. Za ta yi ta yi har ranar da Allah ya ɗibar mata."